Kwana Tara a Kudancin Sararin Mubi: Tauraron da Ke Cin Abokin Zamansa

A ƙarshen watan Maris, lokacin da hazon hunturu ya janye, zafin bazara ya fara kankama, wanda ya fita bayan garin Mubi da misalin ƙarfe tara na dare ya fuskanci kudu zai ga Suhailu, tauraron nan mai ƙyalli da malaman hisabi suka daɗe da sani, ya fara gangarawa yamma. Ta hagunsa, can sama kaɗan, akwai wani tauraro da ido ba ya kamawa sai an sa madubin hangen nesa na hannu. A kundin masana lambarsa HD 77581. Ba shi da wani kwarjini, ɗigo ne kawai cikin ɗaruruwan ɗigo. Nisa ne ya rage shi, domin haskensa kan yi tafiyar shekara wajen 6,500 kafin ya iso gare mu. A haƙiƙa faɗinsa ya ninka na ranarmu wajen sau 30, nauyinsa kuwa ya haura na rana 20 a haɗe. Kuma ba shi kaɗai yake ba. Akwai wani ɗan mitsitsin abu da ke kewaya shi sau ɗaya a kowane kwana 8.96, yana lasar jikinsa a hankali.

Wannan ɗan abu shi ake kira tauraron niyutiron, wato ragowar cibiyar wani ƙaton tauraro da ya tarwatse. Faɗinsa bai kai tazarar Mubi zuwa Michika ba, amma ya kusa yin nauyin rana biyu. Su biyun tare sunansu Vela X-1. Suna cikin wani rukuni na taurari masu zaman bibbiyu da ke feso hasken eksire, ɗaya gawurtacce, ɗayan dunƙulalle, kuma waɗanda aka sani a gungun taurarin da ranarmu ke ciki 'yan gommai ne. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne waccan lamba, kwana 8.96. Da ita aka auna tazarar da ke tsakaninsu, da ita aka auna nauyinsu, ita ce kuma ke nuna irin cin da ƙaramin yake yi wa babban.

Eksire ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da na karaya da shi a asibiti, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Yana ratsa tsoka, amma ba ya iya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, tana shanye shi tun yana can sama. Wannan rahama ce ga masu rai. Sai dai ta sa babu wata na'ura da za a girka a doron ƙasa, a Amurka ne ko a kan duwatsun Mandara, ta ga eksiren taurari. Dole sai an fita sama. A watan Yunin 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba wata roka daga hamadar New Mexico, ta yi 'yan mintoci a sama, ta dawo da labarin wani abu mai tsananin eksire a burujin Kunama. Daga nan fannin ya samo asali, kuma a kansa ne Giacconi ya sami lambar yabo ta Nobel a 2002.

Tauraron ɗan Adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki daga gaɓar Afirka ya tashi. An harba shi ranar 12 ga Disambar 1970 daga dandamalin San Marco na Italiya, cikin teku daura da Malindi a Kenya, ranar da ƙasar ke bikin cika shekara bakwai da samun 'yanci, aka raɗa masa suna Uhuru. A 1971 ya kama wani abu mai suna Centaurus X-3 yana ƙyafta eksire a kowane sakan 4.8, ba fashi. Ƙyaftawar ta zama agogo. Da aka zura wa agogon ido sai aka ga wani lokaci yana riga lokacinsa, wani lokaci yana makara, har da kusan sakan 40 ta kowane ɓangare, kuma wannan rige da makara suna maimaituwa duk kwana 2.09. Sannan a kowane zagaye hasken kan ɗauke ɗungurungum na kusan awa 12. Ethan Schreier da abokansa suka warware ƙullin a 1972. Agogon bai lalace ba, tafiya yake yi. Idan yana ɓangaren da ke kusa da mu saƙonsa ya iso da wuri, idan ya koma can baya haske ya ƙara tafiyar 'yan sakanni kafin ya iso, idan kuma ya shige bayan ƙaton abokinsa sai a yi husufi.

Daga nan lissafi ya karɓi aiki. Tun 1619 Johannes Kepler ya nuna cewa akwai dangantaka tsayayya tsakanin tsawon zagaye da faɗin da'irar, Isaac Newton ya zo daga baya ya shigar da nauyi cikin dokar. Wanda ya san biyu zai fitar da na uku. A Vela X-1 agogon yana bugawa duk sakan 283, kuma rigensa da makararsa sun kai sakan 113. Haske yana ɗaukar sakan 499 daga rana zuwa duniya, saboda haka tazarar waɗannan biyu wajen rubu'in wadda ke tsakaninmu da rana ce. Ƙato mai faɗin rana 30 ya cinye fiye da rabin wannan tazara da jikinsa, abin da ya rage tsakaninsu ɗan rata ne. Husufinsu kan ɗauki fiye da kwana ɗaya da rabi, daga tsawonsa aka san girman ƙaton. Babu wanda ya taɓa ganin su a rabe ko da a na'ura mafi ƙarfi. Duk wannan an karanto shi ne daga lokacin isowar haske, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun abin da hankalin ɗan Adam ya iya yi.

A nan ya kamata a ambaci wani ɗan Najeriya. A tsakiyar shekarun 1960, Samuel Okoye yana karatun digiri na uku a Jami'ar Cambridge ƙarƙashin Antony Hewish, suka gano wata 'yar ƙaramar maɓuɓɓugar igiyar rediyo mai ban mamaki a cikin ragowar tauraron da ya fashe a 1054, wadda ake kira Crab. Daga baya ta tabbata tauraron niyutiron ne. Hewish ya ambaci wannan aiki a jawabinsa na karɓar Nobel a 1974. Okoye ya dawo gida ya dasa fannin a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Ke nan hannun ɗan ƙasar nan yana cikin wannan labari tun farkonsa.

To, yaya aka yi ƙato da ɗan mitsitsi suka haɗu? Tare aka haife su, dukansu manya. Wanda ya fi nauyi shi ke fara ƙone makamashinsa, ya kumbura, ya juye wa ɗan'uwansa wani kaso mai yawa na jikinsa, sannan ya fashe. Idan fashewar ba ta raba su ba, sai cibiyarsa ta ci gaba da kewaya wanda ya rage. Bayan wasu miliyoyin shekaru shi ma wancan ya tsufa ya kumbura, sai a juya: wanda ya bayar a da shi ke karɓa yanzu. Edward van den Heuvel da John Heise ne suka zana wannan tarihi a 1972. Wannan zango na karɓa gajere ne ƙwarai a ma'aunin taurari, shi ya sa ba su da yawa.

Karɓar ce ke haifar da eksire. Ƙarfin jan da ke saman tauraron niyutiron ya wuce misali, iskar gas da ta faɗo kansa kan iso da gudun da ya kusa rabin na haske. Maganaɗisunsa, wanda ya ninka na duniya fiye da sau tiriliyan ɗaya, yana kora ta zuwa ƙuryoyinsa biyu, ta daki wurin, zafi ya kai miliyoyin digiri. Da yake tauraron yana juyawa a kansa, waɗannan wurare biyu masu zafi suna fuskantarmu suna juya baya, abin da muke gani ke nan kamar ƙyaftawa. Kuma babu wata hanyar fitar da makamashi a cikin taurari da ta kai wannan albarka. Wutar nukiliyar da ke cikin rana tana mayar da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin abin da ta ƙona zuwa makamashi, faɗowa kan tauraron niyutiron kuwa tana ba da kashi 10 ko fiye. Kilo ɗaya tak na gas ya isa ya ba da abin da tashar lantarki mai megawat 5,000 za ta yi mako uku tana samarwa ba dare ba rana.

Hanyar da abincin ke isowa iri biyu ce, kuma duk wadda ta taɓa tarar ruwan damina ta san bambancinsu. Ƙwaryar da aka ajiye a tsakar gida ana ruwa, ɗan abin da ya faɗo daidai bakinta shi ne rabonta, saura ya bi ƙasa. Wadda aka kai ƙarƙashin indararo kuwa, ruwan rufin gaba ɗaya a cikinta yake zuba. Vela X-1 na tsakar gida ne. Gawurtaccen tauraro yana da haske mai ƙarfin da ke tunkuɗa fatar jikinsa waje ta kowace fuska, da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan ɗaya, har cikin 'yan shekaru kaɗan yakan zubar da abin da ya kai nauyin duniyarmu. Tauraron niyutiron yana iyo cikin wannan guguwa, yana cafke ɗan abin da ya gifta kusa da shi, wajen kashi ɗaya cikin dubu goma. Fred Hoyle da Raymond Lyttleton da Hermann Bondi ne suka tsara lissafin irin wannan cafka tsakanin 1939 da 1944, tun ba a san da waɗannan taurari ba. Lissafin ya nuna gudun guguwar ne ke yanke hukunci: idan ya ragu da rabi, abin da za a kama ya ninka sau 16. Shi ya sa hasken Vela X-1 ba ya zama wuri ɗaya. Yakan yi tsalle ya ninka sau goma ko fiye cikin awoyi, yakan kuma dushe na ɗan lokaci kamar an kashe.

Na indararo su ne waɗanda da'irarsu ta matse har ƙaton ya cika iyakar da ƙarfin jansa ke iya riƙewa. Jikinsa sai ya tumbatsa ta wata kafa guda da ke fuskantar abokin zaman, ya kwarara kamar rafi, ya naɗe ya zama faifai mai juyawa kafin ya faɗa. Centaurus X-3 mai kwana 2.09 haka yake, haka SMC X-1 mai kwana 3.89 da LMC X-4 mai kwana 1.41, biyun ƙarshe suna cikin ƙananan gungun taurari biyu maƙwabtanmu. Eksirensu kan ninka na masu kama guguwa har sau ɗari. Faifan kuma yana wana tauraron kamar yadda ake wana taya, don haka juyawarsu take da sauri: sakan 4.8, sakan 0.71, sakan 13.5. Masu kama guguwa kuwa ɗaruruwan sakanni suke ɗauka, akwai ma 2S 0114+650 da ke yin fiye da awa biyu da rabi kafin ya juya sau ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 Robin Corbet ya zana tsawon zagaye a gefe guda, saurin juyawa a ɗaya gefen, sai kowane rukuni ya ware ya kama kusurwarsa. Har yau da wannan zane ake fara tantance duk sabon da aka gano.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne GX 301-2, da ke burujin nan mai siffar gicciye da ake hangowa ƙasa-ƙasa a kudancin Mubi cikin Afrilu da Mayu. Zagayensa kwana 41.5 ne, kuma da'irarsa miƙaƙƙiya ce, a wuri mafi nisa tazarar ta kusa ninka ta wuri mafi kusa sau uku. Kowa zai zaci hasken zai fi ƙarfi a daidai lokacin da suka fi kusantar juna. Ba haka ba ne. Tashin yakan zo kwana ɗaya zuwa biyu kafin nan, a kowane zagaye. Ruwa ba ya tsami banza. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne akwai wata jelar gas mai kauri da ke fita daga ƙaton, Wray 977, tana lanƙwasa cikin sarari, kuma ƙaramin yana keta ta kafin ya kai wurin kusanci. Ba a ga jelar da ido ba, rashin daidaiton kwana biyu ne ya tona ta.

Zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce an ɗauka an gama fahimtar wannan rukuni. Sai Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan Adam mai suna INTEGRAL a Oktoban 2002, ya fara tono waɗanda ba a san da su ba. Wasu, irin IGR J16318-4848 da aka gano a farkon 2003, sun naɗe cikin gas mai kauri har eksire mai rauni ba ya fita. Wasu kuma sun fi rikitarwa. Suna zaune shiru kusan kullum, sai kwatsam su tashi su ninka haskensu sau dubbai, cikin 'yan awoyi su koma. Ga inda gizo ke saƙa: IGR J17544-2619 yana zagaye cikin kwana 4.9, IGR J16479-4514 cikin kwana 3.3, dukansu sun fi Vela X-1 kusa da ƙattansu. Bisa ƙa'ida su ya kamata su fi ƙoshi, sai ga shi yawancin lokaci da yunwa suke. Wasu masana sun ce guguwar gudaji-gudaji ce, sai gudan ya faɗo ake ganin tashi. Wasu sun ce maganaɗisun tauraron ne ke zama ƙyaure, yana kore gas har sai ya taru ya fi ƙarfinsa. Nikolai Shakura da abokansa sun kawo wani bayani a 2012, cewa gas ɗin yana taruwa ya zama bargo mai zafi da ke sauka sannu a hankali. Ni dai na fi karkata ga cewa gudaji kaɗai ba su isa ba, tunda Vela X-1 ma yana cikin guguwa mai gudaji bai kuma taɓa yin irin wannan dogon shiru ba. An rufe aikin INTEGRAL a Fabrairun 2025, muhawarar tana nan.

Tsawon zagayen shi kansa ba dawwamamme ba ne. Na Centaurus X-3 yana raguwa da kusan sulusin sakan a kowace shekara, na SMC X-1 da fiye da sakan ɗaya. Suna matsowa ke nan. Wata rana ƙaton zai haɗiye ƙaramin cikin jikinsa. Ko dai su narke su zama ɗaya, ko ƙaramin ya yaye wa ƙaton rigarsa, cibiyar ta fashe, a sami taurarin niyutiron biyu suna kewaya juna. Irin waɗannan ne aka ji girgizar karonsu ranar 17 ga Agustan 2017, aka kuma ga alamun ƙera ma'adanai masu nauyi dangin zinariya a cikin tarkacen. Ba kowane abokin zama ne tauraron niyutiron ba. A Cygnus X-1, mai zagayen kwana 5.6, baƙin rami ne, wanda awon 2021 ya ba shi nauyin rana 21.

Yanzu mu dawo gida. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da na'urar kama igiyar rediyo ta MeerKAT mai faranti 64 a 2018, da ita aka kama igiyar rediyo daga ƙurar da Vela X-1 ke turawa gabansa yayin da yake keta sarari. A Agustan 2024 babban taron masana taurari na duniya ya zauna a Cape Town, karo na farko a nahiyar. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, da cibiyarta ta binciken taurari a Nsukka. A Arewa maso Gabas kuwa, idan aka ta da zancen, amsar da aka saba ji ita ce babu kayan aiki. A fannoni da dama wannan hujja ce mai ƙarfi. A fannin eksire ba ta da ƙafa, domin malamin Tokyo ma ba shi da na'urar a ofishinsa. Tana sama, kuma abin da take tarawa a buɗe yake. Na'urar MAXI ta Japan da ke jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2009, da tauraron Swift na Amurka da aka harba a 2004, sun tara ma'aunin hasken Vela X-1 da GX 301-2 da sauransu na shekara da shekaru, kyauta a intanet. Daga irin wannan taska ta Swift ne Corbet da Hans Krimm suka gano a 2013 cewa wasu masu kama guguwa suna da wani zagaye na biyu, mafi tsawo, da ba a zata ba.

Mubi tana da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Gari ne kuma da ya san yadda kayan makaranta ke salwanta, tun mamayar Boko Haram ta ƙarshen Oktoban 2014 da ta watsa ɗalibai da malamai. Bincike irin wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji da za a fasa. Fayil ɗin jerin lambobi ne, kwanan wata da yawan haske da kuskuren awo, bai kai nauyin gajeren bidiyon WhatsApp ba. Ɗalibin ajin ƙarshe a fannin fiziks ko lissafi ko kwamfuta zai sauke shi, ya yanka shekarun gunduwa-gunduwa da tsawon da yake zato, ya ɗora su kan juna. Idan zaton kuskure ne, hayaniya kawai zai gani. Idan ya dace da kwana 8.96, husufin zai fito masa a matsayin rami mai tsabta a cikin zanen. Excel ma ya isa a fara, Python ya fi.

Za a ce me wannan zai ƙara wa mai neman na tuwo? Tambaya ce ta gaskiya. Dabarar tsamo maimaituwa daga cikin lambobi masu hayaniya ita ce dai ake buƙata wajen nazarin ruwan saman kwarin Yedzaram, da hawa da saukar farashi a kasuwar shanun Mubi, da lokutan da zazzaɓin cizon sauro ke ƙaruwa. Wanda ya goge a kan tauraro ba zai rasa aiki a ƙasa ba. Amma ba zan ɓoye ba, ina ganin sanin ya isa dalili shi kaɗai. Ƙasar da ta haifi Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki na Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai dace ta mayar da kallon sama aikin wasu ba.

Kirana ga malamai masu duba kundin kammala digiri a Mubi da Yola da Maiduguri shi ne, a zangon karatu mai zuwa a ba ko da ɗalibi ɗaya wannan aiki: ya fitar da tsawon zagayen Vela X-1 da na GX 301-2 da hannunsa, ya auna tsawon husufin, ya tsaya gaban kwamiti ya kare lissafinsa. Kuɗin da aikin zai ci bai wuce na data da cajin kwamfuta ba.